Tarihin Kyaftin Vule, Wanda Ya Ƙone Birnin Ƙwanni Aka Ce Zafin Rana Ne Ya Haukata Shi

 Duk wanda ya saba zaman rumfa ya san abin da kan faru idan labari ya shigo kasuwa cewa an tsinci gawa a bayan gari. Kafin jandarma su iso, an riga an yanke hukunci. Wannan ta ce aikin mahaukacin nan ne mai kwana a tasha, wancan ya ce maita ce, wata kuma ta rantse ta ga wani baƙo mai jajayen idanu a daren jiya. Da wuya ka ji an ambaci mai tsabtar tufa da daɗin baki.

Saboda haka ne a yau muka ɗauko muku tarihin wani Bafaranshe da ya ratsa ƙasarmu a 1899, wanda har yanzu tsofaffin Arewa da Ƙwanni da Gobir ba su manta da aikinsa ba. Sunansa Kyaftin Pol Vule (Paul Voulet). Za mu bi rayuwarsa daga haihuwa zuwa kabari, sa'annan mu auna ta da abin da masana halayyar masu laifi suka gano game da mutanen da ke kisa suna maimaitawa.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Vule a birnin Paris ranar 10 ga Agusta 1866. Mahaifinsa likita ne, wato ya fito daga gidan rufin asiri da ilimi. Da ya girma sai ya shiga rundunar da Faransa ke turawa ƙasashen da take mamayewa. Ya fara daga ƙaramin soja, ya yi ta hawa har ya zama hafsa, aka kuma turo shi ƙasar da Turawa ke kira Sudan ta Faransa, wadda ita ce Mali a yau.

A can ne ya haɗu da abokin tafiyarsa, Juliyan Shanuwan (Julien Chanoine), wanda aka haifa a 1870. Shi wannan ɗan babban gida ne ƙwarai, don mahaifinsa janar ne na soja, har ya riƙe muƙamin ministan yaƙi na Faransa na ɗan lokaci a 1898.

Su biyun nan suka ci ƙasar Mosi da yaƙi. Ranar 1 ga Satumba 1896 Vule ya shiga Wagadugu, Sarkin Mosi Mogho Naba Wobgho ya gudu, aka cinna wa garin wuta. An ƙone ƙauyuka, an kashe mutane ba tare da shari'a ba, kuma manyansa sun san da haka. To amma da ya koma Paris, tarbar jarumi aka yi masa. Aka ƙara masa girma zuwa kyaftin, aka riƙa gayyatarsa yana ba manyan gari labarin tafiyarsa. Mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, domin za mu dawo kansa: karon farko da mutumin nan ya zubar da jini, lada aka ba shi.

Tafiyar Tafkin Cadi

A 1898 gwamnatin Faransa ta shirya runduna uku da za su haɗu a Tafkin Cadi. Ɗaya ta taso daga Aljeriya ta hamada, ɗaya daga Kwango, ta uku kuwa daga yamma, ita ce aka damƙa wa Vule. Shi ya biyo kogin Kwara ta Tambutu, Shanuwan kuma ya biyo ta ƙasar Mosi yana kama mutane da ƙarfi don ɗaukar kaya. Suka haɗu a farkon Janairu 1899 a shiyyar Sayi.

Ayarin ya kai kusan mutum 2,000. Turawa ba su kai 10 ba, sauran sojojin Afirka ne da ƴan dako da mata da bayi, ga dawaki da shanu da igwa guda. Duk ƴar kasuwar da ta taɓa dafa abincin biki ta san abin da ake nufi da ciyar da mutum 2,000 kullum, balle da rani, a ƙasar da rijiya guda ke shayar da gari. Gwamnati ba ta ba su guzurin da zai isa ba, don haka tun daga farko tafiyar ta dogara ne da rumbunan talakawa.

A garin Sansanin Hausa da ke bakin Kwara, a makon biyu na Janairu, aka kashe mutum 101, cikinsu har da mata da yara, aka kuma ƙone garin. Daga nan abin ya zama ɗabi'a. Garin da mutanensa suka gudu a ƙone shi, wanda suka tsaya a yaƙe shi. Ɗan jagoran da ya ɓata hanya a rataye shi, ɗan dakon da ya gaji a kashe shi a bar gawar a hanya. Atuni kaɗai ya kashe ƴan dako 148 cikin wata biyu na farko.

Ranar 16 ga Afrilu suka isa Lugu a ƙasar Arewa, inda Sarauniya Mangu da maharbanta suka yi musu turjiya. Sai da suka harba harsashi wajen 7,000, aka kashe musu soja 4, aka raunata 6, kafin su shiga garin su ƙone shi. Sarauniya da jama'arta suka shige kurmi.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu ranar 14 ga Yuni 1898 ta zana da'ira mai nisan kilomita 160 kewaye da Sakkwato, ta ce duk abin da ke ciki rabon Ingila ne. A takarda ke nan Ƙwanni da Madawa suna cikin wannan da'ira. An umurci Vule ya kewaye ta ta arewa, amma rijiyoyi sun yi ƙaranci a can, sai ya keta iyakar ya nufi Birnin Ƙwanni.

A farkon watan Mayu aka kafa wa birnin igwa. Mutane suka yi ƙoƙarin ficewa ta ƙofofi aka bi su da harbi da sara. Ƙididdigar waɗanda suka mutu ta kama daga ɗaruruwa masu yawa zuwa dubbai, aka kuma kwashe mata masu yawa aka raba wa sojoji. Daga Ƙwanni zuwa Madawa bai kai kilomita 100 ba. Ayarin ya nausa gabas ta kudu da mu, ya shiga Gobir ta Tsibiri, ya doshi Tasawa. A Koran Kalgo, a watan Yuli, Vule ya sa an kashe mata da yara wajen 150 don ramuwar sojojinsa biyu.

Yadda asiri ya tonu

Abin da ya tona asirin wasiƙa ce. A ƙarshen Janairu Vule ya kori wani hafsansa, Laftana Peto (Péteau), bayan saɓani ya shiga tsakaninsu. Peto ya rubuta wa matar da zai aura abin da idonsa ya gani. Wasiƙar ta bi hannu hannu har ta isa ga ministan da ke kula da ƙasashen mulkin mallaka. A watan Afrilu aka umurci Kanal Kulob (Klobb) ya bi sawun ayarin ya bincika, in abin gaskiya ne ya karɓe jagoranci.

Kulob ya taso daga Kayes da Laftana Menye (Meynier) da sojojin da ba su wuce 50 ba, ya yi tafiyar wajen kilomita 2,000. Bai sha wahalar neman hanya ba, don toka da gawarwaki su suka yi masa jagora. A littafin da yake rubuta abubuwan yau da kullum ya ambaci rijiyoyin da aka cika da gawa, da wani ƙauye inda ya tarar da ƴan mata ƙanana biyu a rataye a reshen itace.

Da Vule ya ji yana tafe, sai ya aika masa gargaɗi a rubuce cewa kada ya matso. Ranar 14 ga Yuli 1899 suka yi arba a Dankori, kusa da Tasawa. Kulob ya hana mutanensa harbi, ya matso bisa doki sanye da kayan sarki. Vule ya ba da umurni aka buɗe wuta, Kulob ya faɗi matacce, Menye ya ji rauni.

A daren nan Vule ya shaida wa sauran Turawa cewa ya raba gari da Faransa, zai kafa daular kansa da sojojin da ke hannunsa. Sai dai sojojin nan mutanen Sudan ne, sun bar iyali a gida, kuma sun gane cewa in suka bi shi ba za su sake ganin garuruwansu ba. Ranar 16 ga Yuli suka yi tawaye a Maijirgi suka harbe Shanuwan. Vule ya tsere cikin daji, da asubar 17 ga wata ya dawo, mai gadi ya harbe shi. Yana da shekara 32. Kaburburansu suna nan a Maijirgi. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere.

Tafiyar ba ta tsaya ba. Laftana Palye (Pallier) ya ci Damagaram ranar 30 ga Yuli, daga baya aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Jowalan (Joalland) da Menye suka wuce Cadi, inda rundunonin uku suka haɗu suka kashe Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900. Mu kuwa namu rabon ya zo bayan nan. Da yake Faransawa sun koma kewaye da'irar Sakkwato, hanyarsu ta zuwa Damagaram ta biyo ta Tawa da Tamaske da ƙasar Buza, kuma a 1901 suka gwabza da Kel Geres a Galma. Sai da aka sake yarjejeniya a 1904 da 1906 kafin Ƙwanni da Madawa su koma hannun Faransa.

Wai hauka ne

Da labari ya isa Paris, hankali ya tashi, musamman saboda hafsan Faransa ya harbe na gaba da shi. Wani ɗan majalisa, Vigné d'Octon, ya nemi a kafa kwamitin bincike na majalisa, aka ƙi amincewa a ƙarshen 1900. Binciken ma'aikatar aka rufe shi a 1902. Bayanin da aka bar wa jama'a shi ne, zafin ranar Sudan da kaɗaici sun taɓa ƙwaƙwalwar kyaftin biyun, har aka raɗa wa cutar suna da sunan ƙasar. Jowalan da Menye kuwa dukansu sun kai muƙamin janar.

To ga wani abin da ya kamata mu ajiye kusa da wannan. Ranar 31 ga Disamba 1898, kwanaki kaɗan kafin a ƙone Sansanin Hausa, an sare kan wani mutum a garin Bourg-en-Bresse na Faransa. Sunansa Yusufu Vashe (Joseph Vacher), tsohon sajan ne da ya koma yawon gari gari. Ya amsa cewa ya kashe mutum 11 daga 1894 zuwa 1897, yawancinsu yara makiyaya maza da mata da ya tarar su kaɗai a daji. Kafin a kama shi an zargi mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Ya ce shi mahaukaci ne, wai mahaukacin kare ya cije shi yana yaro, kuma lalle an taɓa kwantar da shi a asibitin masu taɓin hankali. Amma babban likita Lakasanyi (Lacassagne) na birnin Lyon da abokan aikinsa suka duba suka ga yana zaɓen wanda ba shi da mai taimako, yana ɓoye gawa, yana sauya tufa, yana nisanta da wurin kafin gari ya waye. Suka ce wanda ya iya wannan shiri ya san abin da yake yi.

Mu ɗora Vule bisa wannan ma'auni. Yana ƙidayar harsashi, yana rubuta rahoto, ya kori hafsan da zai iya tona shi, ya daina aika saƙo ga manyansa don kada a dakatar da shi, ya kuma rubuta wa Kulob gargaɗi kafin ya harbe shi. Ƙasa guda, cikin ƴan watanni, ta ƙi karɓar uzurin hauka daga ɗan yawo mai gawa 11, ta karɓe shi a kan kyaftin mai gawa dubbai. Dalilin a fili yake. Idan aka ce hauka ne, ba sai an tambayi wanda ya ba shi igwa bai ba shi guzuri ba, ko wanda ya tafa masa bayan Wagadugu.

Abin da masana suka gano

Ya kamata mu bambance. Masana ba su sa Vule cikin jerin masu kisan ɗauki ɗaiɗai ba, shi shugaban runduna ne da ya yi kisan kiyashi da hannun wasu. Mai kisan ɗauki ɗaiɗai, a ma'anar da aka tsayar a taron da hukumar FBI ta Amurka ta kira a San Antonio a 2005, shi ne wanda ya kashe mutum biyu ko fiye a lokuta dabam dabam. Amma kurakuran da taron ya lissafa game da irin waɗannan mutane, kusan duka mun gan su a labarin Vule.

Na farko, zaton cewa mahaukata ne. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu kotu ke samu da haukan da ke ɗauke wa mutum alhaki. Yawancinsu sun san daidai da kuskure, tausayi ne babu.

Na biyu, zaton cewa mutane ne marasa kowa, masu mummunar kama. Da yawa suna da mata da ƴaƴa da sana'a. A Ingila, likita Harold Shipman yana da mutunci a garinsa. A 2000 aka same shi da laifin kashe majinyata 15, bincike daga baya ya tabbatar da fiye da 200, mafi yawansu tsofaffin mata, ta hanyar allura. Mun saba cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a wannan fage ɗaya maganar ce ta fi gaskiya, wato mugu ba shi da kama.

Na uku, zaton cewa abin Turawa ne kawai. Ana samunsu a kowace al'umma, maza da mata. A Fatakwal ta Najeriya an kama wani a 2019 da ke yaudarar mata zuwa ɗakunan otal yana shaƙe su, aka yanke masa hukuncin kisa a 2020 kan mata 9.

Na huɗu, zaton cewa masu wayon tsiya ne da ba a iya kamawa. Gwajin da aka yi musu ya nuna basirarsu kamar ta sauran jama'a ce. Abin da ke ba su dogon zango shi ne suna zaɓen waɗanda ba a ƙidayawa, kuma kowane gari na binne gawarsa ba tare da ya ji labarin maƙwabcinsa ba. Shi Vashe ihun wata mata ne ya sa aka kama shi, sa'annan wani alƙali mai bincike ya tattara rahotannin garuruwa ya ga hannu guda ne. Shi ma Vule, wata shida yana kashe talakawa, amma duniya ba ta girgiza sosai ba sai da kanal ya faɗi.

Abin da ya rage gare mu

Wa ke cikin waɗanda ba a ƙidayawa a wurinmu? Yarinya mai talla da ke kai fura bayan magariba, almajiri, ɗan ci rani da ya sauka tasha ba wanda ya san sunansa, bazawarar da wani mai manyan kaya ya yi wa alkawarin jari ya ce ta same shi ita kaɗai, da ɗan kasuwar da ya sayar da albasarsa ko bisashensa ya kama hanyar gida da kuɗi a aljihu.

Don haka muna ba da shawara. Uwa ta san layin da ɗiyarta ke bi da lokacin dawowarta, kuma yara su riƙa tafiya biyu biyu. Mai tafiya cin kasuwa ya faɗa wa na gida motar da ya shiga ko ɗan kabu-kabun da ya ɗauke shi. Idan maƙwabciyar rumfa ba ta fito ba kuma wayarta a kashe, a kai magana ga mai gari da jandarma a ranar, kada a jira sati. Sarakunan kasuwa da shugabannin tasha na Madawa da Bangi da Buza da Tamaske da Ibohaman su riƙa sanar da juna idan wani ya ɓata, domin mai irin wannan aiki yana cin moriyar rashin jin labarin juna. Kuma idan abu ya faru, kada a far wa mahaukacin tasha ko tsohuwar da aka laƙaba wa maita. Duk ranar da aka doki marar laifi, mai laifin yana nan cikin taro yana kallo.

Labarin Vule bai mutu ba. Abdullahi Mamani ya rubuta littafin Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. A 2020 wani fim mai suna African Apocalypse ya bi hanyar ayarin yana jin ta bakin jikokin waɗanda abin ya shafa, waɗanda ke neman Faransa ta amsa laifi ta buɗe takardunta. Babbar hanyar da muke bi kullum daga Dogon Dutsi zuwa Ƙwanni, Maraɗi da Tasawa ta ratsa yawancin ƙasar da aka yi wannan ta'asa.

Mai tsohuwa ko tsoho a gida da ya ji labarin shekarar daga bakin kakanninsa, ya zauna ya saurara, ya sa yaro ɗan lakwal ya rubuta sunan garin da sunayen mutanen. Sunan wanda ya yi kisan yana cikin littattafai, na waɗanda aka kashe kuwa yana bakin tsofaffinmu ne kawai.